Fitilar Mokhles da Lambobin da Suka Ɓace

A filin ajiye kwantenoni na Sobhan Sawdagar, can bayan tashar jiragen ruwan Chattogram, babu wanda bai san Mokhlesur Rahman gwanin kwamfuta ne ba, domin shi da kansa yake bi ofis-ofis yana sanarwa. Shi ne shugaban sashen kwamfuta, sashen da ke da mutum biyu rak, shi da wata mata mai suna Tahmina. Tabarau biyu gare shi, ɗaya a hanci ɗaya a ka, da takardun shaida tara a jikin bango, uku daga ciki na halartar taro ne kawai. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara yi maka bayanin yadda agogon cikin na'ura yake aiki, kafin ya gama lokacin ya canza.

Aikin filin kaf a kan wani baƙin allo yake tafiya. Akwai tsohuwar babbar kwamfuta a bene, tun zamanin mahaifin Sawdagar, ita ke riƙe da lambar kowace kwantena da layin da aka ajiye ta. Akawunan ƙofa suna magana da ita ta wata manhaja mai kwaikwayon allon zamanin da, baƙi ƙirin da koren rubutu, ba hoto ba ado. Direba ya miƙo takarda, akawu ya danna, allo ya ce kwantena kaza tana layi kaza, a ɗaga sanda mota ta shige.

Ranar Talata da safe Kashem, dattijon da ake ce wa Chacha, wato baba, wanda ya shekara ashirin da shida a rumfar ƙofa ta ɗaya, ya karɓi takardar direban farko, ya danna, ya ɗaga ido. Sunan kamfani ya fito a sama, kwanan wata ya fito. Daga nan zuwa ƙasa kuwa wayam, baƙi kamar gindin tukunya. Ya sake dannawa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya leƙa rumfa ta biyu, ya tarar akawun can ma nasa yake gogewa.

Kafin ƙarfe tara layin tireloli ya kai gada.

Jolil, shugaban direbobi, wani ƙato mai tawul a wuya wanda kowa ke kira Ustad, ya zuro kai ta tagar rumfar. Ya ce, "Chacha, lafiya? Ko yau allon naku azumi yake?"

Kashem ya ce, "Lambobin ne suka gudu."

"To bi su mana. Ai ka fi mu sanin gidansu."

Aka aika a kira Mokhles. Ya sauko daga bene a hankali, kofin shayi a hannu, don kada a ga kamar abin ya dame shi. Ya dubi allon ta tabarau na hanci, ya sauko da na ka ya sake duba.

Ya ce, "Matsa, Chacha. Wannan ciwon tun ina ɗalibi na san shi. Gishirin teku ne ya cinye allon. Ku kwaso na bene ku musanya."

Lebura shida suka yi awa guda suna hawa suna sauka da alluna a ka. Aka jona, aka kunna. Sunan kamfani, kwanan wata, wayam.

Mokhles ya shafa haɓa ya ce, "Ashe gishirin har ya hau bene."

A nan Tahmina ta iso. Shekararta huɗu a wurin, ba ta da yawan magana, shi ya sa Mokhles yake ganin ba ta da yawan sani. Ta ja kujera kusa da Kashem, ta kwafi baƙin filin nan da babu komai, ta zuba shi a wani farin shafi. Sai ga lambobi reras, kowace da layinta.

Kashem ya yi salati.

Tahmina, da take kiransa Bhai, wato yaya, ta ce, "Mokhles Bhai, lambobin suna nan daram. Babbar kwamfuta tana turo su, allon ne aka ce masa kada ya nuna. Ai ka san kowane rubutu da ɗan umarnin da yake tahowa a gabansa, wanda ido ba ya gani. Ɗaya ta ce yi kauri, huɗu ta ce ja layi, takwas ta ce ɓuya. Sifili ce ke cewa to ya isa, koma daidai. Wani ne ya turo takwas ya manta da sifili. Ba ni kalmar sirrin babbar kwamfuta, minti goma in nemo wurin."

Mokhles ya yi dariya har shayi ya zuba masa a takalmi. "Tahmina, Tahmina. Ni za ki koya wa takwas da sifili? Lokacin da na fara wannan aiki ko ƙirga takwas ba ki iya ba. Kuma wane sakarai ne zai yi irin wannan wauta a sashen da nake shugabanta? Kalmar sirri kuwa ba alewa ba ce da za a riƙa rabawa."

Ana cikin haka motar Sawdagar ta kutso da ƙyar ta tsakanin tireloli. Ya fito waya a kunne, yana ta "Na'am Madam, to Madam, in Allah ya yarda Madam." Madam Dilruba ce, mai kamfanin ɗinka riguna. Kwantenoninta goma sha huɗu suna cikin filin, jirgin da zai kwashe su kuma gobe Laraba da yamma zai tashi. Ta gaya masa a fili, in jirgin ya tashi babu kayanta, ta bar filinsa har abada, kuma sauran masu kamfanoni ita suke bi.

Sawdagar ya kashe waya ya dubi Mokhles. "Yaushe?"

"Saheb, kafin azahar. Kai dai je ka huta. Irin wannan a Dhaka da ido a rufe nake gyarawa."

Kafin azahar ɗin, Tahmina ta koya wa akawuna dabarar kwafa da zubawa. Tana aiki, amma motar da a da take shigewa a minti ɗaya yanzu sai ta ci goma, ga motoci ɗari uku da wani abu a waje.

Mokhles ya koma bene ya kulle ƙofa. Bayan rabin awa ya buɗe taga ya yi wa filin shela: "Na gano! Abin da ya ɓuya, in ka sa shi motsi dole ya tona kansa!"

Ya danna wani abu. Nan take alluna goma sha biyu suka kama ƙyaftawa. Sunan kamfani ya zo ya tafi, kwanan wata ya zo ya tafi. Lambobin da suka ɓuya kuwa, in ma suna ƙyaftawa, a ɓoye suke abinsu.

Kashem ya yi ƙoƙari. Ya rufe ido ɗaya, ya gwada ƙifta nasa idon daidai da na allon, har hawaye suka zubo masa. Cikin wannan hali ya kwafi layin da ba shi ba, ya tura tirelar jatan lande mai ƙanƙara can ƙarshen fili inda ake jibge tsofaffin tayoyi, babu wutar jona injin sanyi, ita kuma ta tayoyin ya tura ta rumfar sanyi aka jona mata wuta da ladabi. Ba a farga ba sai da rana ta take, lokacin da hankakin unguwar suka hallara a wuri ɗaya, wari kuma ya fara zagaya ofisoshi yana gaisawa da mutane.

Aka kira azahar, aka idar. Jolil ya tsaya ƙarƙashin tagar bene ya ɗaga murya: "Injiniya Saheb! Azahar ɗin yau ka ce, ko ta sallar layya?"

Mokhles ya leƙo. "Ustad, kai da sitiyari ka sani. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne."

"To a sa mata mai mana, na ji tana tari."

Direbobi suka kwashe da dariya, wani ya danna oda.

Dabara ta biyu, Mokhles ya juya launin allon, baƙi ya koma kore, kore ya koma baƙi. Sai ga wasu dogayen tubala kore sun jeru a inda lambobi ya kamata su kasance, babu ko harafi ɗaya a cikinsu, kuma suna ta ƙyaftawa, domin ya manta bai cire na farkon ba. Ya sauko da gudu, ya nuna wa Kashem da yatsa.

"Ka gani? Ga inuwarsu nan! Mun kusa!"

Kashem ya tofar da ganyen da yake taunawa a gwangwani. Ya ce, "Ɗana, direba ba ya ɗaukar inuwar kwantena. In na ce masa je ka layin kore, ina zai nufa?"

"Chacha, ci gaba ne. Da safe babu komai, yanzu akwai kore."

"Da safe kaina ba ya ciwo."

Dabara ta uku ita ce ta tayar da filin. Mokhles ya ce tun da ido ya kasa, kunne zai kama su. Ya umarci babbar kwamfuta ta buga ƙararrawa sau ɗaya a kan kowane harafin da ta turo. Bai tsaya ya lissafa haruffa nawa ne a shafi ba. Alluna goma sha biyu suka ɗauki kuka lokaci guda, tit-tit-tit-tit, ba numfashi. Maigadi ya ji, ya ce gobara ce, ya rarumi guduma ya hau dukan ƙarfen gargaɗi. Ma'aikata suka yo waje ta kowace ƙofa, wani da takalmi ɗaya, wani rungume da kwanon abincinsa. Wani mai himma ya kunna tiyon kashe wuta, bai ga wuta ba, sai ya wanke motar Sawdagar da gilashinta a buɗe. Direbobi ɗari uku kuwa suka ga abin ya yi daɗi, suka amsa da oda gaba ɗaya.

Sawdagar ya hau bene, wandonsa a jiƙe har gwiwa. "Mokhles! Me ke faruwa a filina?"

"Saheb, gwaji ne. Duk babban bincike sai da ƙara."

"Kashe shi!"

Sai da aka yi minti ashirin kafin ya tuna inda ya sa umarnin.

Da la'asar, bayan an yi shiru, Tahmina ta shigo ofishinsa ta mayar da ƙofa ta rufe. Fuskarta ba yadda ya saba gani ba. Ta ajiye masa ɗan filashi a kan tebur.

Ta ce, "Bhai, na rubuta wata 'yar manhaja lokacin cin abinci. In ka ɗora ta a kan allon ka danna maɓalli ɗaya, za ta tuɓe wa kowane rubutu rigarsa, ta nuna duk abin da aka ɓoye, da umarnin da ya ɓoye shi. Na gwada a tawa kwamfutar."

"To me kika gani?"

"Gara ka gani da idonka. Kai kaɗai, ƙofa a rufe. Kafin magariba za ka gyara, ba wanda zai ji. Don Allah, Bhai, kai kaɗai."

Ta fita. Mokhles ya juya filashin a hannu, ya yi murmushi. Kai kaɗai! Wato so take ya gyara a ɓoye, gobe ta bi ofis-ofis tana cewa dabararta ce. Ai shi ba yau aka haife shi ba. Kuma in an bi gaskiya, ba shi ne ya ce abin da ya ɓuya dole a tona shi ba? Tunanin nasa ne, ita hannu kawai ta sa.

Ya buɗe manhajar, ya goge sunan da ta ba ta, ya rubuta FITILAR MOKHLES. Sauran yammacin duk a kan sunan ya ƙare. Ya kewaye shi da taurari, ya ga sun yi kaɗan ya ƙara, ya sa shi ya riƙa saukowa daga sama a hankali. Maɓallin nan ɗaya kuwa bai taɓa shi ba, don yana ganin abin mamaki in an riga an gan shi ya rage daɗi. Daga nan ya hau waya. Ya gayyaci shugabannin kwamfuta na filaye huɗu na maƙwabta. Ya roƙi Sawdagar ya gayyato Madam Dilruba ta ga irin ƙwararrun da ke tsare mata kaya. Ya aika a soya singara, wato samosa, guda ɗari biyu.

Laraba ƙarfe goma sha ɗaya aka share rumfar awo, aka jera kujeru, aka kafa majigi yana haska bangon. Sawdagar da Madam Dilruba a gaba, ita tana duba agogo. Baƙi huɗu a bayansu da littattafan rubutu. Direbobi, da yake ba su da abin yi sai jira, suka cika bayan rumfar har waje, Jolil a gabansu. Tahmina ta tare Mokhles a bakin ƙofa.

"Ka duba?"

"Ki samu wuri ki zauna, Tahmina. Yau za ki ƙaru."

"Bhai, ka duba kuwa?"

Ya kawar da zancenta da hannu kamar mai korar ƙuda, ya hau gaba, ya karɓi lasifika. Ya yi minti ashirin da biyar yana jawabi. Ya fara daga makarantar firamarensu, ya bi ta Dhaka, ya ce kwana biyu bai ci bai sha ba yana ƙera wannan fitila, alhali ɓarɓashin singara na kan rigarsa.

Madam Dilruba ta ce, "Malam, jirgina ƙarfe biyar."

"Yanzu, Madam. Jama'a, akwai wani maɓarnaci da ya ɓoye mana lambobi. Ko ɗan cikin gida ne, ko ɗan waje, yau asirinsa zai tonu a gabanku. Saheb, ina roƙo, duk wanda fitilar nan ta haska, kada a ji tausayinsa."

Sawdagar ya ce, "Ba za a ji ba."

Ya miƙa wa Kashem lasifika. "Chacha, kai ka fi kowa wahala. Kai za ka karanta wa jama'a."

Ya ɗaga yatsa sama, ya juya shi sau biyu, ya sauke a kan maɓallin.

Bango ya cika da rubutu. Lambobin kwantenoni suka fito, direbobi suka yi shewa. Amma ba su kaɗai suka fito ba. Tsakanin kowane layi da layi akwai wani rubutun, ja wur, kowanne da takwas a gabansa da sifili a bayansa. Kashem ya gyara tabarau, ya karanta da muryar da yake kiran lambar mota, ba hawa ba sauka.

"Gargaɗi, ma'ajiyar bayanai ta kusa cika. A ƙarƙashinsa an rubuta: Ban san me wannan yake nufi ba. Na share. Mokhles."

Kowa ya juyo ya dubi Mokhles, Kashem kuwa ya wuce layi na gaba.

"Gargaɗi, agogon na'ura ya kauce. Kai ma tafi can. Na share. Mokhles."

Abin da ya faru shi ne, shekara uku da suka wuce Mokhles ya tsinci wani ɗan layi a intanet, ya ga in ya liƙa shi gaba da bayan saƙon kuskure sai saƙon ya ɓace daga allo. Bai taɓa tsayawa ya karanta lambobin da ke ciki ba. A zatonsa gogewa yake yi har lahira. Tun daga ranar, duk kuskuren da ya gagare shi sai ya liƙa masa layin, kuma da yake ya tabbata babu mai gani, sai ya ƙara da abin da ke ransa, ya sa hannu.

Mokhles ya ce, "Chacha, ya isa. Wannan bayanin fasaha ne, ba kowa zai..."

Jolil ya ce, "Muna ganewa sarai! Chacha, ci gaba!"

Kashem ya ci gaba. "Kuskure na tamanin da bakwai. Kashem ya sake kawo ƙara. Tsohon nan ko allon a kashe yake sai ya ce ya ga kuskure. Na share." Ya dakata, ya dubi Mokhles ta saman tabarau, ya koma. "Kuskure na ɗari da goma sha biyu. Direbobi sun ce sikeli yana ƙarya. Su da ba su iya ƙirga tayoyin motarsu ba."

Jolil ya ce, "Sha takwas ne, Injiniya Saheb! Zo ka kwanta a ƙasa mu ƙirga tare!"

Baƙin nan huɗu sun daina kallon bango, rubutu kawai suke yi, kafaɗunsu na rawa.

"Kuskure na ɗari biyu da shida. Saheb ya tambaya ko komai lafiya, na ce lafiya lau. Mutumin da yake kiran kwamfuta talabijin, me zai gane?"

Sawdagar ya ƙura wa bango ido. Kunnuwansa ne kawai suka canza launi. Madam Dilruba ta rufe baki da gyale, ta juya kai gefe.

Mokhles ya faɗa kan madannai. Hannunsa ya tafi ga abin da ya saba, ya liƙa layin nan nasa don ya share bangon. Manhajar ta yi aikinta, ta rubuta da ja a gaban kowa: an turo takwas, ana so a ɓoye. Ya sake. An turo takwas, ana so a ɓoye. Ya sake har sau biyar.

Wani direba ya ce, "Kai, fitilar nan ba ta san mai gidanta ba!"

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fizge waya don ya kashe majigi. Fankoki suka tsaya. Ya fizgi wata, tukunyar shayi ta mutu. Majigi na nan yana haskawa, lasifika na nan a hannun Kashem, wanda bai ga dalilin tsayawa ba tun da ba a ce ya tsaya ba.

"Na ƙarshe, kwanan watan Litinin da yamma. Kuskure na ɗari uku da goma sha ɗaya. Wannan ma na share. Sauran in na dawo, an ce naman walimar gidan Haji ya kusa ƙa..." Kashem ya matso da fuska kusa da bango. "Nan ya tsaya. Akwai takwas a gaba. Babu sifili a baya."

Jolil ya dafe kai da hannu biyu. "Wato kwana biyu muna gasuwa a rana saboda nama! To ka samu kuwa, ko shi ma ya ɓuya?"

Dariyar da aka yi har masu gadin filin maƙwabta sai da suka leƙo ta katanga.

Sawdagar ya miƙe. Ya dubi ƙafafun da suka fito daga ƙarƙashin tebur. "Mokhles, fito. Faɗi kalmar sirri."

"Saheb, a gaban mutane? Ka'idar tsaro ta hana..."

"Faɗi."

Mokhles ya fito, tabarau ɗaya ya karkace, ɗayan ya faɗi. Ya yi ƙasa da murya, amma Kashem, cikin ladabi, ya kara masa lasifika a baki.

"Mokhles gwani ɗaya biyu uku."

Tahmina ba ta yi dariya ba. Ta zauna, ta shiga, ta nemo layin, ta rubuta sifili a ƙarshensa, ta cire ƙyaftawa da juyin launi. Ko minti huɗu ba ta yi ba. Daga rumfar ƙofa ta biyu aka jiyo akawu yana ihu, "Sun dawo! Sun dawo!" Direbobi suka watse da gudu zuwa motocinsu, kowa ya cika aljihu da singara a hanya. Aka fara da kwantenonin Madam Dilruba. Ta goma sha huɗu ta fita ƙarfe uku da kwata, ita kuma kafin ta shiga mota ta karɓi lambar wayar Tahmina a gaban Sawdagar, don ya gani.

Shi ya sa tun kafin la'asar Tahmina ta zama shugabar sashe. Aka tambaye ta me za a yi da Mokhles. Ta ce kada a kore shi, yana da iyali, kuma kurakurai ɗari uku da goma sha ɗaya suna nan ba wanda ya gyara ko ɗaya, shi ya fi kowa sanin inda ya binne su. Sawdagar ya yarda, da sharaɗin ba a bene zai zauna ba. Aka sa masa benci a rumfar ƙofa ta ɗaya, gefen Kashem, inda kowane direba zai gan shi.

Kwana uku bai ɗaga kai ba. Rana ta huɗu wani sabon direba daga Khulna ya miƙo takarda, ya ce ya ji labarin wai an yi wata badaƙala a filin nan.

Mokhles ya gyara zama. Ya ce, "An yi. Shekara uku mutumin yana ɓarna, ba wanda ya iya kama shi. Ƙwararre ne na gaske, irinsa ba su fi biyu ba a ƙasar nan. Ka san wa ya danna maɓallin da ya tona shi a gaban jama'a?"

Jolil, da ke bayan sabon direban a layi, ya ce, "Gaya masa har da sunan ɓarawon, Injiniya Saheb."

Mokhles ya ce, "Ana kan bincike."

Kashem ya buga hatimi a takarda, ya miƙa ta taga. "Layi na tara. Kai kuma Mokhles ɗana, kana kan kuskure na shida, saura ɗari uku da biyar. Na gaba!"